Bana Dutsen Wanki Bai Fito Ba

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Janairu, da hantsi, Allah Ya karɓi ran yayata, wadda ma'aikatan hukumar kogi ke kira Injiniya, ni kuwa tun da na buɗe baki ban san mata wani suna ba sai Yaya. Ta cika a gadon asibiti bayan jinyar da ba ta daɗe ba. Na Allah muke, komawarmu kuma gare Shi take. Ina bakin ruwa a kan sana'ata ta ɗaukar hoto lokacin da maigidanta ya kira ni. Wasu baƙi sun jeru a jikin ƙarfen gada suna jiran in ce su yi murmushi. Na ji abin da ya faɗa sarai, amma sai da na ɗaga kyamara na ɗauki hoton nan, domin labarin ya iso kunnena bai kai ga hannuna ba tukuna. Bayan nan ne na nemi wuri na zauna a ƙasa.

Yaya, an fi wata biyu ke nan, sai yau na iya tattara hankalina in ce wani abu a kanki. Ni ba marubuci ba ne, kin fi kowa sani. Ke ce kike cewa Allah Ya ba ni kyamara ne don bakina ya riƙa samun hutu, kuma bai taɓa samu ba. To ga shi yanzu bakin ya mutu. Duk wanda ya tare ni ya ce ya haƙuri, sai dai in gyaɗa kai. Shi ya sa na ce bari in gwada alƙalami, ko zai faɗi abin da na kasa.

Wanda ya san kogin nan a yau kawai ba zai gane abin da kika yi ba, don haka bari in ɗauko daga inda muka faro. Mahaifiyarmu, Inna, wanki take yi wa mutane. Bayan rasuwar Baba da wankin nan ta riƙe mu, ke da ni, a kan wani faffaɗan dutse da ke ƙasan tsohuwar matakalar da mata ke bi su sauka ruwa. Kowace mai wanki da dutsenta, babu wanda ya raba musu, amma babu mai hawa na wata. Na Inna yana da ɗan gurbi a gefen dama, wanda ruwa da shekaru suka ƙwaƙule, nan take ajiye sabulunta. A kan matakalar nan kika yi rabin karatunki, littafi a cinya, ƙafa a ruwa, ido ɗaya a kaina kada in gangara. Ni auta ne, aikina kuka da cinye abin da aka ba ki. Idan Inna ta gaji ke kike karɓar matsar zannuwa, har tafin hannunki ya yi kanta irin na manyan mata tun ba ki kai ko'ina ba.

Muna girma kogin yana mutuwa. Gari ya cika ya tumbatsa, kowace kwata ta juyo da bakinta cikinsa. Leda ta rufe bado, wari ya kori tsuntsaye, majemar da ke sama da mu ta tashi ta bar bangonta yana zubewa. Da rani ruwan ya koma baƙin zare a tsakiyar shara, da damina kuma ya taso da fushi ya shiga gidajen mutane. A wannan hali kika tafi karatun aikin ruwa, kika dawo, kika shiga hukumar, kika yi ta hawa a hankali har ranar da aka ce za a gyara kogi aka ɗora aikin a wuyanki. Na tuna na ce miki ashe dai wankin ba ki bar shi ba, Inna na wanke kayan mutane, ke kin ɗauki wanke kogin gaba ɗaya. Kika ce in bari ki gama, ni za ki fara shanyawa.

Abin da ake gani yau kowa ya gani. Ga titin masu tafiya a ƙasa yana bin gaɓa, ga kujerun siminti a inuwa, ga fitilu, ga ƙaramar gadar da sababbin ma'aurata ke tsayawa a kai in ɗauke su. An yi madatsa a ƙasan gari mai ƙofofin ƙarfe, ta riƙe ruwa ya cika ya kwanta har mutum na ganin fuskarsa. Amma abin da nake so a sani shi ne abin da kika hana a taɓa. 'Yan kwangila sun so su miƙe titin ɗoɗar, kika sa aka lanƙwasa shi don a kauce wa tsofaffin itatuwan giyayyar nan. Mai tafiya yau zai ga hanya ta yi gwiwa ya rasa dalili, alhali dalilin na tsaye a kansa yana ba shi inuwa. Bangon majema da aka ce a ture, kika sa aka tallafe shi, aka share ramukan jima, makarantu na kawo ɗalibai kallo. Turken ƙarfen da ake ɗaure jirgin fito a zamanin da babu gada yana nan inda yake, tsatsarsa ma kin ce kada a kankare ta duka.

Mutane ma ba ki ture su ba. Dattijon mai fito, wanda tsohuwar gadar mota ta kashe wa sana'a tun muna ƙanana, ya zo ofishinki yana roƙon a bar masa turken nan kawai. Kika bar turken, kika kuma sa aka ba shi tuƙin kwale-kwalen da ke zagayawa da baƙi. Ranar jana'izarki ya tsaya a bakin ƙofa ya kasa shigowa, yana ta faɗin cewa shi ya kamata a ɗauka, ba ke ba. Masu wanki kuwa, da aka gina musu rumfa mai famfo a bayan titi, sai da kika je da kanki kika duƙa a bakin kwamin simintin, kika gwada cuɗa mayafinki a ciki, kika ce an yi shi da tsawo, bayan mace zai ƙage kafin azahar. Aka fasa aka sake. Ba su san sunan muƙaminki ba, 'yar Inna suke ce miki.

Ba zan ce ba ki da naki halin ba, don in na faɗi haka ke ce za ki fara ƙaryata ni. Kina da kafiya, in kin ce a'a ko sama da ƙasa za su haɗu ba kya sakewa. Ba a tafiya da ke a bakin ruwa a isa da wuri, sai kin tsaya tsintar leda kina cusa wa na kusa da ke ya riƙe, ko da babbar riga ce a jikinsa. Kin sha zuwa taron dangi da takalmin aiki, laka har idon sawu, ana hararar ki kina tambayar ko akwai ruwan sha. Amma ban taɓa ganin wanda ya shiga ofishinki da damuwa ya fito kansa a sunkuye ba.

Sannu a hankali masu fiffike suka dawo. Zalɓe ne ya fara zuwa, ya tsaya a gefe shi kaɗai kamar mai gadin da aka manta da shi. Sai balbela, sai kirinjijiya da agwagin ruwa. Bado ya sake buɗewa, kififiya ta fara leƙo da kai. Ni ma da nake yawon ɗaukar hoton fasfo a tasha, ruwan nan ne ya dawo da ni gida, na kafa 'yar rumfata kusa da gada.

Mutum ɗaya ce ba ta yi murna ba, ita ce wadda ta haife ki. Ranar da aka rufe ƙofofin madatsa ruwa ya fara hawa, Inna ta tsaya a saman matakala tana kallo har ya ci dutsenta, ya ci matakan da ke sama da shi. Ta daɗe da barin wanki a lokacin, ke kika hana ta, amma ba ta bar zuwa ta zauna a kansa ba. Ta juya ta kama hanya. Sai a gida ta ce 'yar da ta goya a kan dutsen nan ita ce ta nutsar da shi, to Allah Ya yi albarka. Irin albarkar nan ce da gara a zage ka. Ta yi watanni in kin gaishe ta sai ta amsa a daƙile tana kallon bango. Na ga yadda abin ya ci ki. Ke da kike tsayawa gaban manyan 'yan kwangila ido cikin ido, sai ga ki a ƙofar ɗakin Inna kina wasa da gefen mayafi.

Ashe kin riga kin shirya abinki, ba ki gaya wa kowa a gida ba. A tsarin aikin kin sa cewa duk shekara, idan sanyi ya wuce zafi ya fara, za a sassauta ƙofofin a rage ruwa na 'yan makonni. Dalilanki na aiki ne, kuma na gaskiya ne. A duba gindin madatsa, a kwashe laka, sannan tsibirin yashin da ke tsakiyar kogi ya fito, domin a nan kififiya ke binne ƙwanta, a nan kuma wasu ƙananan tsuntsaye masu dogayen ƙafafu ke zuba nasu a fili. In yashin bai sha iska ba, babu 'ya'ya a shekarar. Wannan kika faɗa wa hukuma, aka amince. Abin da ba ki faɗa ba shi ne, ruwan da zai janye ya bar yashi a fili, daidai shi ne zai bar dutsen Inna a waje.

Lokacin rage ruwa ba kya barin ɗakin kula da ƙofofi, nan kike wuni kina bin ma'auni. A shekarar farko, wata safiya, kika kira ni a waya kika ce, "Auta, ka kai Inna bakin matakala. Ka ce ina gaishe ta." Na ce gaisuwar ba za ta yiwu a gida ba sai na wahalar da tsohuwa? Kika ce in yi abin da aka sa ni. Na kai ta tana mita. Muna isa ta yi turus. Dutsen yana nan, ya yi gansakuka, ruwa na lasar gefensa, gurbin sabulun cike da yashi. Ta tuɓe takalmi ta sauka a hankali, ta sa yatsa ta share gurbin, ta zauna. Na ce, "Inna, Yaya ta ce tana gaishe ki." Ta ce, "Ka ce ina amsawa."

Daga ranar nan kalmar ta sake ma'ana a gidanmu. Ma'aikata na cewa rage ruwa, mu muna cewa gaisuwa. Zafi na fara leƙowa Inna za ta fara tambaya, gaisuwar ba ta iso ba? Jikokinta su ce saura kaɗan. In ta iso kuwa, kullum da safe sai na kai ta. Tsofaffin abokan wankinta da suka rage su taru a kan matakala, ta riƙa nuna wa jikoki dutsen wance da na wance, waɗanda yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya. Tsibiri na gabansu, tsuntsaye na kwance a kan ƙwai, su kuma suna ta tsohuwar gulmar da masu ita suka daɗe a ƙasa. Baƙin da suka yi dace da lokacin sukan tsaya su tambaya, a nuna musu yadda ake bugun zani a kan dutse. Ke ba ki taɓa zuwa kin gani da idonki ba, kina can wajen ƙofofi. Ni nake kawo miki labari, in ce ta amsa.

Ni kuwa lokacin gaisuwa lokacin tsiyata ne, kuma ban taɓa ɓoye miki ba. Wa zai tsaya a ɗauke shi hoto laka na bayansa? Masu zuwa shan iska su ga ruwa ya ja baya, su taɓe baki su wuce. Duk shekara sai na je na yi miki ƙorafi, in ce ke da Inna da kififiya kun haɗa kai za ku kashe mini kasuwa. Ki ɗago daga kan ma'auninki ki ce kififiya ta riga ni zuwa kogin nan, in na matsu in ɗauke ta hoto, ita ba ta cewa an yi mata ƙaton hanci. Sai ki turo mini kofin shayinki in shanye in tafi. Wannan faɗan namu ne, mun yi shi shekara da shekaru, babu wanda ya taɓa kayar da wani.

Sai tsufa ya fara taɓa tunanin Inna. Da farko sunayen jikoki ne suka riƙa ɓace mata, daga baya ta fara tambayar ko Baba ya dawo daga kasuwa. Takan ci abinci ta ce ba a ba ta ba. Ranar da ta kalle ni ta ce bawan Allah daga ina, na fita tsakar gida na yi kuka. Amma abu biyu mantuwa ta kasa ɗauka, ke da gaisuwar. Ba ta san wata ba, ba ta san shekara ba, amma jikinta na jin zafi ya fara za ta nemi sandarta.

Ciwon da ya ɗauke ki bai yi sallama ba. Kin daɗe kina cewa gajiya ce, mu ma muka yarda don haka muke so ta kasance. Da na zo duba ki a asibiti, kin rame, kika ja hannuna kika ce zafi ya kusa, in tuna wa mataimakinki a shafa wa ƙofofi mai tun yanzu. Na ce ki warke ki je ki shafa da kanki, ni ba ɗan aikenki ba ne. Kika yi murmushi. Ita ce maganarmu ta ƙarshe, kuma ban yi da-na-sani ba, don da na yi miki magana mai taushi da kin gane na tsorata.

Mun gaya wa Inna. Ta yi kukan da ban taɓa jin irinsa ba, ta yi addu'a, barci ya ɗauke ta. Da ta farka ta tambaya ko kin ci abinci kafin ki tafi aiki. Muka sake gaya mata, ta sake jin mutuwarki sabuwa fil. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Maigidanki ne ya tara mu ya ce mu sau ɗaya muka rasa ki, ita kuma muna sa ta rasa ki kullum, a bari haka nan. Muka bari. In ta tambaya sai mu ce kina bakin aiki.

Amma gida ya cika da jama'a, kuma ba a hana mutum faɗin abin da ya kawo shi. Wasu mata daga rumfar wanki suka yi sallama a ƙofar ɗakinta, babbarsu ta durƙusa ta ce, "Inna, mun zo gaisuwa." Yaya, sai fuskar Inna ta washe. Ta ce, "Ta iso? Auta, miƙo mini sandata da takalmina." Matan suka kalli juna, suka kalle ni. Su gaisuwar mutuwa suke nufi, ita kuwa a duniyar da ta rage mata gaisuwa ɗaya ce. Na ce mata ba ta iso ba tukuna, waɗannan sun riga ta ne. Ta ce to su zauna su jira, 'yarta ba ta makara. Suka zauna suna share hawaye da gefen zani, ita tana ba su labarin dutsen wance. Haka aka yi ta yi har aka tashi daga zaman makoki, duk wanda ya ce ya zo gaisuwa sai ta nemi sanda.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ashe duk shekarun nan da muke ganin ruwa na janyewa a kan lokacinsa, faɗa kike yi a kai a ɗakin taro. Masu gidan abincin da ke kan ruwa da masu hayar jiragen shaƙatawa sun daɗe suna kukan cewa makonnin nan na karya musu ciniki, ke ce kika tokare ƙofa. Ba ki taɓa kawo mana zancen gida ba. Ƙasar kabarinki ba ta gama bushewa ba aka zauna aka yanke cewa daga bana ruwa zai zauna a cike duk shekara, gindin madatsa kuma masu nutso za su riƙa dubawa.

Na je wurin mataimakinki, wanda ke riƙe da kujerarki kafin a naɗa wani. Mutumin kirki ne, ke kika rene shi a aikin. Ya tashi ya tura ƙofa, ya ce ya yi magana a taron, ya kawo zancen yashi da ƙwai da tsohuwar matakala, aka saurare shi cikin ladabi aka wuce gaba. Ya ce, "Ita in ta ce a'a, a'arta na da nauyi. Tawa iska ce." Na ce ko na wuni ɗaya ne a sassauta ƙofa tsohuwa ta ga dutsenta. Ya ce makullin ba ya hannunsa yanzu, ko da yana hannunsa ma, ruwan da zai bar dutsen a waje ba a wuni ɗaya yake janyewa ba. Na hango gwangwanin man da kika ce a shafa a kusurwar ofis, ko buɗe shi ba a yi ba. Na rasa wanda zan yi wa faɗa. Na nemi shugaban hukumar, aka ce yana taro, na koma aka ce ya yi tafiya. Da na same shi ya yi mini ta'aziyya mai kyau, ya ce za a sa sunanki a jikin gada. Ni mai hoto ne, Yaya. Ban san ƙofar da ake bugawa bayan wannan ba.

Ga zafi ya shigo sosai. Ruwa ya cika ya kwanta, bai taɓa yin kyau irin na bana ba. Baƙi sai tururuwa suke, kasuwar da na yi shekaru ina yi miki ƙorafi a kanta ta buɗe, kuma ban taɓa ƙin jinin aikina irin yanzu ba. Tsuntsayen nan masu dogayen ƙafafu sun zo a kan lokacinsu. Ina ganinsu suna shawagi daidai inda tsibirin yake, su yi ƙasa za su sauka, su tarar da ruwa, su sake tashi. Dattijon mai fito ya ce mini ya ga kififiya tana kartar siminti a gindin gaɓa tana neman inda za ta tona. Ya ce sai ya kawar da kai ya ci gaba da nuna wa baƙi bangon majema.

A gida kuwa kullum tambaya ɗaya ce. Jikin Inna ya gaya mata lokaci ya yi. Tana idar da sallar safe za ta jawo sandarta ta ɗora a cinya. Na ce gobe, na ce jibi, na ce ƙofa ce ta cije ana gyara, har na rasa abin faɗa. Ta fara ƙin abinci. Ta fara cewa ko laifi ta yi miki kika ƙi aikowa, ko maganar nan da ta faɗa miki shekarun baya ce ba ki yafe ba. Wannan ne ya fi ƙarfina. In bar ta tana zaton fushi kike da ita, ko in gaya mata ta sake binne ki? Na tambayi maigidanki, ya sunkuyar da kai. Na tambayi 'ya'yanki, suka fashe da kuka. Babu wanda ya san amsar a cikinmu.

Shekaranjiya da safe ta ce in ban kai ta ba za ta tafi da ƙafarta. Na kai ta. Muka tsaya a saman matakala, inda 'yan matakai kaɗan ne suka rage a waje. Ruwa shimfiɗe har ɗaya gaɓar, jirgin shaƙatawa na wucewa da kiɗa. Ta dafa kafaɗata ta leƙa daidai inda dutsen yake, ba ta kuskure ba ko da taki ɗaya. Ta ɗaga kai ta dubi rana, ta dubi tsuntsayen da ke zagaye babu masauki. Na buɗe baki zan ce gobe, ta ɗaga mini hannu.

Ta ce, "Lokaci ya yi har ya gota. Ba ta taɓa makara ba."

Ta daɗe tana kallon ruwan. Sannan ta juyo ta dube ni da idon da na daɗe ban gani ba, idon Innar da ta san ni, ta kama hannuna da hannayenta biyu ta ce, "Auta, ya haƙuri?"

Yaya, duk jama'ar da suka zo mana gaisuwa na samu abin da na mayar musu, ko da gyaɗa kai ne. Wannan na kasa. Ita ce ta ce Allah Ya jiƙan ki, ita ce ta ce amin, ita ce ta ja ni muka hau titi. Ba ta yi kuka ba. A hanya ta ce ashe ba fushi kika yi ba, ta gode wa Allah. Da muka koma gida ta ci abinci. Jiya da safe na shiga gaishe ta, na tarar da sandar a kan cinyarta.

Ban san abin da zan ce mata gobe ba, ban kuma san wanda zai sassauta ƙofar nan baɗi ba. Abin da ya rage a hannuna addu'a ce. Ya Allah, ga baiwarKa ta iso gare Ka, Ka gafarta mata, Ka lulluɓe ta da rahamarKa. Ka yalwata makwancinta, Ka haskaka shi. Ta raya ruwan da ya mutu, Ka shayar da ita daga wanda ba ya ƙafewa. Inuwar da ta bar wa masu tafiya, da yashin da ta riƙa buɗe wa halittun da ba su da bakin godiya, da dutsen da ta riƙa mayar wa mahaifiyarta, Ka sa ta same su a mizaninta. Ka wanke ta tas daga kurakuranta, 'yar mai wanki ce, ta san darajar fari.

Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanta, wanda ya yi haƙuri da matar da rabinta na gida rabinta na kogi, da 'ya'yanta, Allah Ya raya su Ya sa su gaji halinta har da kafiyar. Ina yi wa abokan aikinta ta'aziyya, da matan rumfar wanki, da dattijon mai fito, da duk wanda ya taɓa zama a inuwar giyayyar nan bai san wadda ta bar masa ita ba. Inna kuwa, Allah Ya sanyaya mata zuciya, Ya sauƙaƙa mata abin da mu muka kasa sauƙaƙa mata. Mu da muka rage, Allah Ya kyautata namu ƙarshen.

Ke kuma Yaya, kin saba ke ke aikowa mu amsa. Bana mu ne muke gaishe ki, ni da Inna. Allah Ya isar miki, Ya sa kina inda za ki ce kina amsawa.